Riguna Huɗu Iri Ɗaya

Shafi na 17

To, masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta min, idanun nan ba na budurwa ba ne. Ku gyara zama.

Kun tuna inda muka tsaya. Shekara ashirin da biyu ke nan Lamont Ashby yana fitowa a Gus, mai gidan abinci a shirin talabijin ɗin nan na kullum, Mararrabar Harlow. Duk tsawon shekarun nan, kowace yamma sai takardun wasan gobe sun iso masa gida. Jiya ba su zo ba. Sai wani guntun saƙo: ka zo ƙarfe takwas.

Bakwai saura kwata ya riga ya ajiye mota a sitidiyon, a garin Burbank.

Ɗakinsa ya ƙi zaunuwa. Ya zauna, ya miƙe. Ya zuba kofi, ya ajiye, ya neme shi ya rasa, ya zuba wani. A kan tebur ga rubutun wasan nan na Lorna Vickery, matarsa ta cikin shiri, wanda ta ce za ta yi a dandamali da kaka. Sati uku ke nan ta maƙale masa. Kullum lokacin abincin rana sai ta faɗo ɗakin, ta zare tsamammiyar kokwambar da ake sa masa gefen burodinsa mai naman talotalo, ta gatsa, ta ce, "Karanta min wajen mijin." Wasan banza. Manomi yana mutuwa a ɗakin girki, maimakon ya faɗi maganar kirki yana ta zancen murhu.

Ya ture takardun ya fita.

Ƙafarsa ce ta kai shi ɗakin sutura, wurin Odalys Ferrer, wadda ta ɗinka wa Gus rigar girkinsa ta farko tun gashin kansu su biyu yana baƙi. Tana ganinsa ta ajiye dutsen guga, ta ja baya ta tsaya a gaban labule.

"Uwar allura, an tashi lafiya?"

"Tsoho, wa ya koro ka daga gado? Takwas aka ce maka."

"Ke wa ya faɗa miki an ce min takwas?"

"Bango."

"Matsa daga gaban labulen nan."

"Rigunan mata ne a ciki. Ka ji kunya mana."

"Odalys, na ga rigunan mata sun fi gashin kanki yawa. Matsa."

Ba ta matsa ba. Shi ya miƙa hannu ta saman kafaɗarta ya yaye labulen.

Fararen riguna huɗu, iri ɗaya sak, an goge su sai ƙyalli. A wuyan kowace an maƙala 'yar takarda. Gus ɗaya. Gus biyu. Gus uku. Gus huɗu.

'Ya'yana, duk wanda ya ci abinci da wannan sana'a ya san lissafin. Riga ɗaya ta mai rai ce. In biyu ce, za a watsa maka kofi ko a tura ka cikin ruwa. Amma huɗu, jini ne. Jinin ƙarya in ya taɓa farar riga ba ya fita, duk lokacin da za a sake ɗauka da kyamara sai da sabuwa. Shi ya sa a sitidiyo tela take riga ɗan wasa jin labarin mutuwarsa.

Lamont ya juya riga ta farko. A ciki, daidai ƙirjin hagu, ga ɗan aljihun da ake cusa ledar jini.

"Na wa ne?"

"Na kakana."

"Sunan kakanki Gus?"

Ta ɗauki almakashi ta ajiye. Ta ɗauki zare ta ajiye.

"Mutum nawa muka binne ni da ke a shirin nan?" in ji shi.

"Talatin da ɗaya. Ban da waɗanda suka tashi."

"Kuma duk talatin da ɗayan, kafin su sani na sani, don kin tsegunta min. Yau da ya zo kaina sai bakinki ya mutu?"

"Lamont..."

"Yaushe aka kawo odar?"

"Sati uku."

"Sati uku! Kina auna min wando kina min dariya, ashe likkafanina kike ɗinkawa? Wa ya sa hannu?"

"Ni tela ce, ba 'yar sanda ba. Ka je ka sha ruwa ka zauna."

"Zan zauna. In na san wanda ya sa hannu."

Ya fice ko ƙofa bai rufe ba.

A baranda ya ci karo da Hollis Greer, shugaban marubuta, ɗan shekara talatin da huɗu, kofi a hannu ɗaya, takardu a ɗayan. Lamont ya sha faɗa cewa ranar da Gus ya buɗe gidan abincinsa Hollis yana aji shida.

"Mista Ashby! Ka yi sammako. Yau ce ranar, kamar dai yadda muka..." Sai ya kalli fuskar tsohon ya haɗiye sauran.

"Kamar yadda kuka me?"

"A'a, nufina... ka ga Lorna?"

"Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Harbi ne ko wuƙa?"

Hollis ya kalli kofinsa kamar amsar tana ciki.

"Harbi."

"A gaban kyamara?"

"A gaban kyamara, Mista Ashby. Wallahi a gaban kyamara."

"Don in kuna shirin yi min irin ta Merle ne, ku faɗa min yanzu in ɗauki hulata."

Ku da ba ku san Merle Dunphy ba: shekara goma sha huɗu ya yi yana ɗan sandan Harlow, sai ya fara kasa riƙe hadda. Ba su ko kira shi ba. Wata Talata wayar gidan abinci ta yi ƙara, Pearl matar Gus ta ɗauka ta ce, "Ohio? Hatsarin mota?" ta dafe ƙirji. Shi ke nan. Merle a falonsa ya ji mutuwarsa tare da sauran jama'a. A wannan sana'a babu wulaƙancin da ya kai a kashe ka ta waya.

"Ba haka ba ne," in ji Hollis. "Don Allah ka ga Lorna."

"Sau biyu ke nan kana kiran sunanta."

Hollis ya buɗe baki. Lamont ya riga ya yi gaba.

Bai ƙwanƙwasa ba. Lorna tana gaban madubi, gashi a nannaɗe da robobi, rabin fuska da hoda rabi babu.

"Mijin aro, ko a gidan Gus ana sallama."

"Riguna huɗu, Lorna."

Hannunta ya tsaya da burushi a sama. Ta madubi ta kalle shi, ba ta juyo ba.

"Wa ya kai ka wurin Odalys da sassafe?"

"Ashe kin sani."

"Rufe ƙofa."

"Ba zan rufe ba. Kowa ya ji. Wa ya hau ofishin sama ya ce a kashe Gus?"

Ta ajiye burushin a hankali. Ta juyo da kujerar.

"Ni ce."

Ya ɗauka zai ji sanyi in ya sami mai laifin. Ina! Ya dafa bango.

"Ke?"

"Ni. Zauna kar ka faɗi."

"Shekara ashirin da biyu ina sumbatar goshinki gaban Amurka kaf!"

"Da warin albasa. Na yi haƙuri, ba ka taɓa jin na yi ƙorafi ba."

"Me na yi miki?"

"Kana so in faɗa?"

"Faɗi!"

"Akwai takardar maganganun Gus a cikin gwangwanin sukari. Akwai a aljihun teburin ciniki. Akwai a bayan takardar jerin abinci, akwai a ƙarƙashin murfin kek, akwai har a gindin kalandar bango. Gidan abincin Gus ya koma ofishin gidan waya. Shekara biyu ina tsayawa a karkace don ka hango abin da ka liƙa a bayana. Har mai kyamara ya tambaye ni ko ciwon ƙugu nake."

"Kowa yana ɓoye takarda. Shafi talatin a rana, wane ne ba ya yi?"

"Kowa yana yi, gaskiya ne. Amma ba kowa ne yake buɗe gwangwani, ya karanta, ya rufe, ya manta abin da ya karanta ba."

"Sau ɗaya ne."

"Ranar Alhamis ɗin can ka kalle ni ka ce Corinne."

Corinne ita ce matarsa ta gaske, shekara shida da rasuwa.

"Kuskuren baki ne."

"Sakan goma sha ɗaya ka yi kana kallona. Na ƙirga. Aka yanke ɗaukar, ka ce zafin fitila ne. Da aka tashi ka yi minti arba'in kana zagaya wurin ajiye motoci, motarka tana gabanka. Ni na bi ka a baya har Glendale, har ka shiga gida."

"Ƙarya kike yi."

"To."

"Ƙarya kike yi, Lorna! Ni na san abin da kike nema. Takaba kike so. Wata shida kina kuka da baƙaƙen kaya, kyamara a kan fuskarki ke kaɗai, a ƙarshen shekara ki hau dandamali ki karɓi lambar yabo a kan gawata."

"In haka ya fi maka sauƙi, to haka ne."

Wannan sanyin nata shi ya ƙara tunzura shi. Da ta yi ihu da ya fi. Ya zagaya ɗakin, ya ɗauki kwalbar turare ya ajiye, ya ture kujera da ƙafa. Ka san mutum in ya ji ciwo, inda ya fi laushi a jikin wani nan yake nema.

"Ai dama na sani. Ko ranar jana'izar Corinne, sai da kika ga masu ɗaukar hoto sannan hawayenki ya zo."

Alhali Lorna ce ta kwana uku a asibiti riƙe da hannun Corinne. Ita ta zaɓa mata rigar da aka sa mata. Gefen fuskarta mai hoda bai motsa ba, ɗaya gefen ne ya yi rawa.

"Ya isa."

Odalys ce a bakin ƙofa. Riga ta ɗaya a kafaɗarta, farar ambulan a hannunta.

"Odalys, a'a," in ji Lorna. "Bar shi. Zan iya ɗauka."

"Ke za ki iya, ni ba zan iya ba. An ba ni sharaɗi, kuma sharaɗin ya cika." Ta miƙa wa Lamont ambulan ɗin. "Ka ce kana son sanin wanda ya sa hannu. Ga shi."

A bayan ambulan an rubuta: A ba shi in ya fara cin mutuncin mutane. A ƙasa harafi ɗaya: L.

Ya san rubutun. Wannan lanƙwasar ta L, wadda ya sa wa dubban masoya a hotuna, ko a mafarki ya san ta. Yatsunsa suka ƙi yaga takardar, sai da Odalys ta miƙo masa almakashi.

"Lamont, tsohon jaki.

In takardar nan ta shigo hannunka, to ka ci mutuncin wani. Ka ba shi haƙuri tukuna. In Lorna ce, ka durƙusa.

Ba ita ba ce. Ba Hollis ba ne. Kai ne. Ranar uku ga Maris ka je wurin likita a Pasadena, ta faɗa maka sunan abin da ke cin kanka. Ba zan rubuta shi ba. In ka manta sunan, ba ka yi asarar komai ba.

Washegari ka hau ofishin Hollis da ƙafarka, ka ce kada su jira ranar da za su yi maka irin ta Merle. Ka ce Gus a gidan abincinsa zai mutu, a gaban mutanensa, yana kare matarsa. Ɗauka ɗaya ba yankewa, daga harbin har numfashin ƙarshe. Kana kwance a ƙasa, kyamara a fuskarka, babu gwangwanin sukari, babu inda za ka ɓoye ko harafi.

Farar rigar ma kai ka zaɓa. Ka ce jini ya fi fitowa.

Huɗu ka ce a ɗinka, ka sa Hollis ya rantse babu ta biyar. In huɗu suka ƙare ba ka iya ba, kada a yi ta faci ana lallaɓa ka kamar jariri, ma'aikata suna kau da kai don tausayi. A bar wayar ta yi ƙara, Pearl ta ɗauka. Kai ka yanke wa kanka wannan hukunci, da hankalinka, ranar da kanka yake garau.

Na roƙe su kada su tuna maka. Na san halinka. In ka sani, sati uku za ka yi kana tsorata kanka har ka fasa.

Kada ka ba ni kunya.

L."

Ya karanta. Ya koma farko ya sake. Yana neman ranar huɗu ga Maris a kansa, matakalar ofishin, fuskar Hollis, ko da launin kujerar da ya zauna. Babu. Kamar ka sa hannu a aljihu ka ji ya huje.

"Ni na hau?" Muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Kai ka hau," in ji Lorna. "Ina bayanka. Ka sa hular nan taka mai kama da kaskon suya."

"Kika tsaya ina zaginki."

"Na saba. Gus ya sake ni sau biyu."

Ya fara lanƙwasa gwiwa. Ta daka masa tsawa.

"Kai, tashi! In ka durƙusa wa zai ɗaga ka? Ni bayana ba ya ɗaukar kaya."

"Lorna, maganar Corinne..."

"Rufe min baki, za ka ɓata min kwalliya. Odalys, ba shi takardun."

Shafi uku ne, ruwan hoda. Ya riƙe su nesa da ido, ya fara karantawa. Layin farko na Gus bayan harbi: Ki kashe murhun baya, yana cin gas.

Ya ɗago kai.

"Wannan ai wasanki ne na banza."

"Babu wani wasa, mijin aro. Wa zai ba ni dandamali da wannan gwiwar? Hollis ya canza sunaye, ya mai da gidan abinci gona. Sati uku kana haddace mutuwarka kana cin burodi. Sau tara ka karanta min shi ba ka kalli takarda ba, kana yi kana zagin wanda ya rubuta."

Daga lasifikar baranda muryar darakta ta sauko: a shirya fagen ɗauka na shida, minti ashirin.

Lorna ta matso ta rage murya.

"Saurara. Takardar nan ba kotu ba ce. In ka ce ka fasa, ni da kaina zan hau in gaya wa Hollis. Za mu ci gaba da lallaɓawa, in tsaya a karkace wata shekarar."

"Sai yaushe?"

Ta juya ta ɗauki burushinta.

Ya kalli rigar da ke kafaɗar Odalys. Ya fara ɓalle maɓallan tasa.

"Uwar allura, a wane gefe ake sa ledar?"

Ban taɓa ganin fage na shida ya cika kamar ranar ba. Masu fitila, masu kwalliya, har matar da ke ɗakin karɓar baƙi, kowa ya sami dalilin tsayawa a bayan kyamara. Ba wanda yake kallon Lamont kai tsaye. Shi kuwa idonsa yana ta yawo: gwangwanin sukari, murfin kek, kalanda. An share su tas.

Riga ta ɗaya. Ɗan fashi ya shigo, ya nuna Pearl da bindiga, Gus ya sha gabanta. Tau! Jini ya fashe a ƙirji. Faɗuwar ta yi kyau, shekara sittin da takwas amma ya zube kamar buhu. Lorna ta tallabo kansa.

"Gus! Gus, kar ka yi magana!"

Ai kuwa bai yi ba. Idonsa ya tafi neman gwangwanin sukari a can saman tebur.

"A yanke."

Odalys ta tuɓe shi, ta goge masa ƙirji da tsumma mai ɗumi.

"Ta ce kar ka yi magana, ba ta ce ka yi mata biyayya ba. Yaushe ka fara jin maganar mata?"

Riga ta biyu. Tau! Ya faɗi. Wannan karon maganar ta zo, ta zo da gudu ma.

"Ki kashe murhun baya, yana cin gas. Makullin firji yana cikin tsohon takalmina. Kada ki sayar wa kowa da kek ɗin jiya, Corinne, kin ji..."

Shi da kansa ya ji. Ya runtse ido.

"A yanke."

Wani a bayan kyamara ya ja hanci. Lamont ya tsani wannan ƙarar fiye da harbin.

Riga ta uku. Odalys ce ta sa masa maɓallan. Ya wuce murhu, ya wuce takalmi, ya wuce kek, ya ce Pearl daidai. Saura rabin shafi, wurin da Gus zai faɗa mata abin da bai taɓa faɗa ba a shekara ashirin da biyu. Ya ja numfashi zai shiga.

Ƙofar ƙwaƙwalwarsa ta rufe. Fari fat, kamar rigar kafin jini.

Lorna ta motsa leɓe tana ba shi kalmar. Ya gani, bai gane ba.

"A yanke."

Aka goge ƙasa. Aka sake jera kujeru. Hollis ya matso.

"Mista Ashby, na uku ya kusa. Za mu iya haɗa rabinsa da wani, ba mai ganewa. Ko in sa a riƙe maka allo a bayan Lorna..."

"Ka rantse ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse. Amma..."

"Wanda ka rantse wa ya fi ni hankali. Bi maganarsa."

Ya juya. A jikin bangon gidan abincin ga baƙar wayar nan a rataye, wadda Pearl ta ɗauka ranar Merle. Wani mai kula da kaya yana goge ta da hanki. Da ya ga Lamont yana kallo ya ɓoye hankin a baya.

Odalys ta kawo ta huɗu a kan hannu biyu, kamar mai ɗauke da jariri. Ta sa masa, ta gyara wuya, ta zare 'yar takardar da aka rubuta Gus huɗu ta cusa a aljihunta.

"Babu wata a bayan labule, tsoho. Na duba."

"Na sani."

"Yadin nan mai tsada ne. Kar ka ɓata min shi a banza."

Kowa ya koma wurinsa. Jar fitilar kyamara ta kama. Darakta ta ce a fara.

Gus yana goge tebur. Pearl ta fito daga ɗakin girki, ya kamata ta wuce kai tsaye wurin taga. Sai ta tsaya. A kan teburin akwai faranti na ado, burodi da tsamammiyar kokwamba a gefe. Lorna ta miƙa yatsu biyu ta zare kokwambar, ta kalli tsakiyar idonsa, ta gatsa. Ƙaras!

Wannan ba ya cikin takarda. Hollis ya dafe kai.

Ƙofa ta buɗe. Bindiga. Gus ya sha gaba.

Tau!

Ɗumin jinin ya bi ƙirjinsa. Ya zube. Ta tallabo kansa ta ɗora a cinya, kyamara ta gangaro har yana jin hucin fitila a goshi.

"Gus! Gus, kar ka yi magana!"

Shiru.

A bayan kyamara Odalys tana ƙirgawa da yatsu a jikin siket. Ɗaya. Biyu. Uku.

Yana kallon fuskar da ke samansa. Ya san ta. Ya san wannan tabon na gefen gira, ya san ƙanshin hodar. Sunan ne yake ta kewaya shi, ya ƙi tsayawa.

Biyar. Shida.

Warin tsami ya daki hancinsa daga numfashinta.

Takwas. Tara.

Darakta ta ɗaga hannu, ta ja numfashin cewa a yanke.

Sai hannun Lamont, jiƙe da jini, ya damƙe wuyan hannun Lorna. Ya ɗago kai kaɗan, idonsa tar a kanta, murya ƙasa-ƙasa amma ko na bakin ƙofa ya ji.

"Ke. Kin sake cinye min kokwamba."

Wannan ma ba ya cikin takarda.

Hannun darakta yana sama. Jar fitilar tana kunne. Riga ta biyar kuwa babu.